Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Inbata Ɗaya da Inbata Biyu a Gidan da Ya Dogara da Sola Kaɗai

A gidan da babu wutar layi ko kaɗan, ta cikin inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wadda kayan gida ke ci, duk wutar gida take bi. Farantan sola na iya mamaye rufi kaf, batura su cika ɗaki, amma ranar da inbata ta tsaya ko kwan fitila ɗaya ba zai kama ba, abin da ke firiji ya narke, injin ruwa ya yi shiru. Shi ya sa duk mai shirin kafa sola mai ɗan girma yakan tsaya a kan tambaya guda: babba ɗaya zan saya, ko matsakaita biyu in haɗa su?

Yawancin masu karkata ga biyu dalilinsu ɗaya ne, wato in guda ta lalace ɗayar ta riƙe gida kafin a gyara. Tunani ne mai kyau, domin kayan wuta ba sa sallama kafin su mutu. Sai dai ba kowane haɗi ne ke ba da wannan kariya ba, har ma akwai haɗin da in guda ta faɗi takan ja 'yar'uwarta su faɗi tare. Ni a ganina, matsakaicin gida ya fi samun kwanciyar hankali da inbata ɗaya da aka auna daidai, da wata ƙarama a ajiye domin ranar tsautsayi. Haɗa biyu yana da wurinsa, kuma lissafi ne zai nuna maka ko gidanka na cikin masu bukata. Ga yadda ake bin lissafin.

Mataki na farko: tantance irin haɗin da kake nufi

Hanyoyi huɗu ne ake ajiye inbata fiye da ɗaya a gida, kowace da matsalar da take warwarewa.

Ta farko ita ce haɗin gefe da gefe, wanda masu aikin wuta ke kira faralel. Inbata biyu na fitar da wuta iri ɗaya a daidai lokaci ɗaya, wayoyinsu na fita su haɗu a layi guda, ƙarfinsu ya taru: mai kVA 5 da mai kVA 5 su ba da kVA 10 (kVA ma'aunin ƙarfin inbata ne). Ɗaya ce jagora, ɗayar na bin umarninta ta wata siririyar wayar sadarwa da ke tsakaninsu. Kamar shanun noma biyu ne a karkiya ɗaya, dole takunsu ya zo daidai, in ɗaya ya riga ɗaya ko da ƙiris, garma ta karkace. A ƙasashen da wuta ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, zagaye ɗaya kashi ɗaya ne cikin 50 na daƙiƙa, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ne ake so su daidaita.

Ta biyu ta shafi ƙasashe irin su Amurka da Kanada, inda gida ke amfani da bolt 120 ga ƙananan kaya, da bolt 240 ga manya kamar injin ruwa da murhun lantarki. A can akan ɗauki inbata biyu masu bolt 120 a saita su suna kishiyantar juna da digiri 180, sai a sami 240 a tsakaninsu. Wanda ke inda bolt 230 ne a soket, kamar yawancin Turai da Afirka da Asiya, wannan bai shafe shi ba.

Ta uku ita ce fes uku, wato layukan wuta uku a maimakon ɗaya, kuma inbata uku take bukata, kowace ta ɗauki fes ɗaya da tazarar digiri 120, a sami bolt 230 a kowane layi da kimanin 400 tsakanin layi da layi. Manyan injuna ne ke tilasta wannan. A nan akwai tarkon da mutane ke yawan faɗawa: uku masu kVA 5 ba sa ba na'ura mai fes ɗaya kVA 15. Kowane layi iyakarsa ƙarfin inbatar da ke kansa, ko da sauran biyun na zaune babu aiki.

Ta huɗu ba a cika ambatonta ba, alhali ita ce mafi sauƙi. Inbata biyu, kowace da nata allon rarraba wuta, wayoyinsu na fita ba sa taɓa haɗuwa. Wannan ta ɗauki fitilu da fanka da firiji, waccan ta ɗauki manyan kaya. Ba sai sun zama iri ɗaya ba, ba sai girmansu ya zo ɗaya ba.

Kafin mu wuce, gargaɗi guda da ba na so a manta: kada a taɓa haɗa wayoyin fita na inbata biyu da ba a ƙera su domin yin aiki tare ba, ko waɗanda aka ƙera amma ba a saita su ba tukuna. Kowace za ta riƙa tura wuta cikin 'yar'uwarta, kuma kafin ka kai hannu ga makunni an riga an yi asara, wani lokaci har da gobara.

Mataki na biyu: auna lodin gidanka da gaske

Ɗauki takarda da biro ka zaga gida. Duk abin da ke cin wuta, rubuta wat nawa aka rubuta a jikinsa. In kana da irin mitar nan da ake sakawa tsakanin soket da filogi, ta fi rubutun jiki faɗin gaskiya. Abin da kake nema shi ne kayan da za su iya kasancewa a kunne lokaci guda, domin babu gidan da ke kunna komai da komai tare.

Bari mu ɗauki misali. A ce gida na da firiji mai cin wat 150, fanka huɗu masu wat 70 kowace, kwan fitila 12 masu wat 10, talabijin mai wat 100, da na'urar sanyaya ɗaki mai cin kimanin wat 1,200. Jimilla wat 1,850 ke nan. Ƙara injin jan ruwa mai cin wat 1,000, an kai 2,850. In wani ya jona dutsen guga mai wat 1,200 a wannan lokaci, an haura zuwa 4,050.

Wannan lamba ɗaya ce. Akwai ta biyu, wadda ta fi kayar da inbata, ita ce fizgar tashi. Duk abin da ke da moto a ciki, firiji ne ko injin ruwa ko na'urar sanyaya ɗaki ta tsohon yayi, yana fizgar wuta mai yawa a lokacin da zai tashi daga tsaye, ninki uku zuwa bakwai na abin da yake ci in ya daidaita. Fizgar ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, amma dole inbata ta iya ɗauka, in ba haka ba ta yi ƙara ta kashe kanta. A misalinmu, in injin ruwan ya fizgi ninki biyar, wat 5,000 ke nan a kan 1,850 da ke ci tun farko, wato kusan 6,850 na ɗan lokaci.

To yanzu duba lambobin nan da idon basira. Abin da ya tura gidan daga 2,850 zuwa sama da 4,000 dutsen guga ne kawai, da aka jona lokacin da injin ruwa ke aiki. Cika tankin ruwa aikin 'yan mintuna ne ko sa'a guda. In mutanen gida suka amince ba a guga sai an gama jan ruwa, bukatar inbata ta biyu ta kau ke nan ba tare da an kashe ko kwabo ba. Haka ita ma fizgar tashi tana da magani mai sauƙi fiye da ninka inbata: akwai na'urar da ake sa wa moto ta tashe shi a hankali, akwai kuma firiji da na'urorin sanyaya ɗaki na zamani da ke fara juyawa sannu sannu ba tare da fizga ba. Ina so mai karatu ya daɗe a wannan mataki, domin gidaje da yawa da ake ce wa sai sun haɗa biyu, lodinsu ne ba a tsara ba.

Amma in ka tsara, ka rage, kuma har yanzu lodin da ba makawa sai ya yi aiki tare ya wuce abin da inbata ɗaya mai kyau za ta ɗauka, kamar wurin da ke da injin walda ko ɗakin sanyi ko na'urorin sanyaya ɗaki da yawa, to ka fara samun hujja ta gaskiya.

Mataki na uku: karanta takardar bayanan inbata, kada ka tsaya a kan kwali

Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali sau da yawa kVA ce, kuma kVA ba kilowat ba ce (kilowat ɗaya wat 1,000 ne). Akwai inbatocin da kVA 5 ɗinsu kilowat 5 ne cif, akwai waɗanda kilowat 4 ne kacal. Sannan zafi na rage musu ƙarfi. Misali, kamfanin Victron ya rubuta wa MultiPlus-II ɗinsa mai kVA 5 da batirin bolt 48 cewa tana ba da wat 4,000 a zafin digiri 25, amma a digiri 40 wat 3,700 take bayarwa. Ka ga gidan misalinmu da lodinsa na 4,050 ya riga ya wuce gona da iri a rana mai zafi, alhali kwali ya ce 5,000. Kamfanin da ya faɗi haka a fili ya kyauta. Wanda bai faɗa ba, nasa ma zafi na rage shi, shiru kawai ya yi.

Nemi abu uku a takardar: ƙarfin da take ɗauka ba tsayawa a kilowat, ƙarfin fizga da daƙiƙoƙin da take iya riƙe shi, da yadda zafi ke taɓa ta. Inbatoci masu babban taransifoma a ciki, masu nauyin nan, sun fi jure fizgar moto. Marasa nauyin da babu babban taransifoma a cikinsu sukan yi alkawarin ninki biyu na 'yan daƙiƙoƙi, wasu ko hakan da ƙyar. Saboda haka wani lokaci wanda injin ruwa ke kayar wa inbata ba ƙarin inbata yake bukata ba, canjin nau'i yake bukata.

Ka bar sarari kuma. Lodin yau da kullum kada ya zauna a bakin iyakar ƙarfinta. Kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ya isa, domin na'urar da kullum ke aiki a ƙure ba ta yin tsawon rai.

Mataki na huɗu: lissafa wutar da inbata ke ci tana zaune

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a gidan da ba shi da wutar layi yana da nauyi ƙwarai. Inbata na cin wuta muddin tana kunne, ko da ba a jona mata komai ba. Wasu masu inganci ba sa kai wat 20, wasu kuma suna cin 50 ko fiye. Wat 50 kamar ba komai ba ne, amma ninka shi da sa'a 24, ya zama wat-awa 1,200 a kowace rana. In biyu ne, 2,400.

Rabin wannan da dare ake cinye shi, daga cikin batir kai tsaye. Inbata biyu masu cin wat 50 kowace za su sha wat-awa 1,200 cikin sa'a 12 na dare. Batirin litiyom da aka fi sani, mai bolt 51.2 da amfiya-awa 100, wat-awa 5,120 yake ɗauka gaba ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na batirin ke nan ya tafi wajen ciyar da inbatocin kansu, kafin fanka ta juya. Sannan da rana sai an mayar da abin da aka ci: a wurin da ke samun kimanin sa'a biyar na rana mai ƙarfi, kowane wat-awa 1,200 na bukatar farantin sola na kusan wat 300 in an haɗa da asarar hanya.

Adalci dai shi ne a kwatanta daidai da daidai. Babba ɗaya mai kVA 10 ita ma ta fi mai kVA 5 ci a zaune, kuma a wasu kamfanoni bambancin da ke tsakanin babba ɗaya da matsakaita biyu ɗan kaɗan ne. Inda asarar take fitowa fili shi ne gidan da mai kVA 5 ɗaya ta ishe shi amma aka ɗora masa biyu don tsoro. Akwai kuma tsarin tattalin wuta da inbatoci da yawa ke da shi, wanda ke sa su yi barci in babu lodi. A nau'o'i da dama wannan tsari ba ya aiki da zarar an haɗa su gefe da gefe. Tambayi wannan kafin ka saya.

A nan hanya ta huɗu, ta raba allo biyu, take nuna amfaninta. Ƙaramar inbata mai ƙarancin ci ta kwana tana riƙe da firiji da fanka da fitilu, babbar kuma a kunna ta da rana lokacin da ake jan ruwa ko wanki ko guga, a kashe ta da yamma.

Mataki na biyar: tambayi batirinka ko zai iya

Inbata ba ta ƙirƙirar wuta, juya ta kawai take yi. In ka ninka inbata ba ka ninka batir ba, ka faɗaɗa mafita ne kawai.

Lissafin mai sauƙi ne: raba wat da bolt ka sami amfiya. Wat 8,000, wato ƙarfin inbata biyu masu wat 4,000 kowace, daga batirin bolt 48 kimanin amfiya 167 ne, da asarar juyawa ya doshi 180. Batirin litiyom na da na'urar tsaro a ciki da ake kira BMS, kuma a batura da yawa masu amfiya-awa 100 iyakar da take bari a ja amfiya 100 ne. Ka wuce haka ta yanke wuta, gida ya yi duhu, ka zaci inbata ce ta lalace. Ke nan inbata biyu masu kVA 5 na bukatar aƙalla irin wannan batir biyu, uku ya fi ba da sarari domin fizga. Batirin dalma mai ruwa ba ya yankewa haka, amma in aka ja shi da ƙarfi bolt ɗinsa na faɗuwa, kuma yana saurin tsufa, ga shi ba a son a sha fiye da rabinsa.

In tsarinka na bolt 12 ne ko 24 kuma kana tunanin haɗa biyu don ƙarin ƙarfi, dakata. Wat 5,000 a bolt 12 ya haura amfiya 400, wanda ke bukatar wayoyi masu kaurin gaske, ga zafi a kowace mahaɗa. Komawa bolt 48 da inbata ɗaya ya fi hankali.

Mataki na shida: bincika abin da zai faru ranar da ɗaya ta mutu

Mun dawo kan dalilin da ya sa aka fara maganar biyu. Tambayar da za ka yi wa mai sayarwa, kuma ka nemi amsarta a rubuce cikin littafin na'urar, ita ce: in ɗaya daga cikin biyun ta lalace, ko wayar sadarwa ta tsinke, ɗayar za ta ci gaba da ba da wuta da kanta?

A tsare-tsare da yawa amsar a'a ce. Da zarar sun daina jin juna sai duka su kashe kansu, kuma da gangan aka ƙera su haka, domin hakan ya fi su ci gaba da aiki ba a daidaite ba. Kafin mai lafiyar ta dawo aiki sai an cire matacciyar daga layi, an shiga saiti an mayar da ita mai zaman kanta, wani lokaci ma sai da kwamfuta da kebul na musamman. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, tunda cikin sa'a guda za ka iya dawo da rabin ƙarfinka maimakon jiran makonni. Amma fa sai akwai wanda ya iya yin hakan a kusa. Akwai nau'o'in da ke ci gaba da aiki da kansu in guda ta faɗi, sai dai ko su in lodin da ke kai ya fi ƙarfin guda, ta biyun ma za ta kashe kanta nan take.

Ka tuna kuma cewa abin da ke kashe inbata sau da yawa ba ya zaɓen guda. Tsawa, ruwa da ya shiga ɗaki, ƙura da zafi, kuskuren juya wayar batir, duk suna samun biyun tare tunda a bango ɗaya suke, a kan batir ɗaya. Wadda ke cikin kwali a ajiye, ba a jone da komai ba, tsawa ba ta isa gare ta.

Ga wata matsalar da ke zuwa daga baya. Haɗin gefe da gefe na bukatar inbatoci iri ɗaya sak: kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, girma ɗaya, manhajar ciki ɗaya. In bayan shekaru guda ta mutu kuma kamfanin ya daina ƙera wannan samfurin, sabuwar da za ka samu ba lallai ta yarda ta yi aiki da tsohuwar ba.

Saboda haka in kariya kake nema, rubuta kayan da ba za su jure rashin wuta ba ko na kwana ɗaya: firijin da ke riƙe da magani, fitilu, cajin waya, na'urar intanet, wataƙila fanka. Sau da yawa jimillarsu ba ta kai wat 1,000 ba. Ƙaramar inbata mai bolt iri ɗaya da na batirinka, da makunnin sauya layi wanda ba ya barin biyun su haɗu, sun biya wannan bukata. Wuraren da yankewar wuta ko ta minti ɗaya ke da haɗari, irin su ɗakin shan magani, su ne suka cancanci tsarin da aka tabbatar yana ci gaba da kansa, kuma a ƙera shi yadda guda ɗaya za ta ɗauki dukkan lodin dole.

Mataki na bakwai: duba gaba

In ka tabbata lodi zai ƙaru, misali ana kan ƙarin gini, sayi inbata ɗaya yanzu daga irin waɗanda ake iya haɗawa, ka bar mata wuri a bango da sarari a allo. Masu ƙera da dama na barin a jera shida ko fiye. Sai dai kada tazarar ta yi nisa, saboda matsalar samfuri da aka ambata.

Inbatocin da ke da cajar sola ta MPPT a cikinsu, wato na'urar da ke karɓar wutar farantai ta caja batir, na da iyakar farantan da suke karɓa, don haka ta biyu na ninka maka wannan ma. Amma in farantai kawai kake son ƙarawa, cajar MPPT mai zaman kanta ta wadatar. Nauyi ma abin dubawa ne: babba mai taransifoma na iya kai kilo 50, matsakaita biyu sun fi sauƙin ɗauka da kai wa gyara a wuri mai wuyar hanya.

Mataki na takwas: in lissafi ya ce biyu, ga yadda ake haɗawa

Wannan aikin ƙwararre ne, kuma littafin na'urar shi ne gaba da duk abin da na rubuta. Amma mai gida ya kamata ya san abin da zai sa wa ido.

A fara da gwada kowace ita kaɗai, a tabbatar manhajarsu ta ciki lamba ɗaya ce. Biyun su sha daga tarin batir guda, ta sandunan tagulla biyu da duk wayoyi ke haɗuwa a kai, kowace inbata da nata fis a ɓangaren batir da nata bireka a ɓangaren fita. Wayoyin batir su zama kauri ɗaya, tsawo ɗaya, ko da ɗaya ta fi kusa da batir. Haka wayoyin fita har zuwa inda suke haɗuwa. Dalili shi ne wuta ta fi bin hanya mai sauƙi, don haka wadda wayarta ta fi gajarta za ta riƙa ɗaukar lodi fiye da 'yar'uwarta, ta riga ta yin zafi, ta riga ta kashe kanta, alhali jimillar lodin bai kai iyaka ba. Wasu masu ƙera har suna hana a wuce misali wajen kaurin wayoyin fita, domin ɗan taurin da waya ke yi wa wuta na taimakawa wajen raba lodi daidai.

A haɗa wayoyin batir kafin wayar sadarwa, kuma kada a cire baƙar wayar batir ta ɗaya alhali wayar sadarwa na jone, don kada wuta mai yawa ta nemi hanya ta wannan siririyar waya. Kowace inbata ta sami nata jerin farantan sola, ba a raba jeri ɗaya tsakanin biyu. A tara cajin da biyun za su tura a ga bai wuce abin da batir ke karɓa ba. Haɗin nutural da wayar ƙasa kuma ya bi yadda littafin ya tsara wa tsarin gaba ɗaya, don na'urar kariya daga jan wuta ta yi aikinta. Batura da fis a ɓangaren batir ba abin wasa ba ne: ɗan sifana da ya faɗa tsakanin sandunan nan biyu na iya narkewa.

Bayan an saita jagora da mabiyiya, a kunna su birekokin fita na buɗe, a auna bolt tsakanin wayar wuta ta wannan da ta waccan. A haɗin gefe da gefe ya kamata mita ta nuna kusan sifili. In tsarin 120 da 240 ne ta nuna 240, in fes uku ne kimanin 400. In aka ga wani abu daban, kada a rufe bireka.

Sai a ɗora lodi kaɗan kaɗan, ana auna amfiyar da ke fita daga kowace da mita mai kama waya. Ya kamata su yi kusa da juna. In tazarar ta yi yawa a koma kan wayoyi da mahaɗai. A tayar da moto mafi girma a gidan yayin da sauran kaya ke aiki, a bar tsarin da cikakken lodi na wani lokaci, sannan a duba mahaɗai ko akwai mai ɗaukar zafi.

Gwaji na ƙarshe a yi shi da rana, da lodi mara nauyi, mai haɗawa na tsaye: a kashe ɗaya yadda littafin ya yarda, a ga abin da ɗayar za ta yi. In ta mutu ita ma, sa mai haɗawa ya nuna maka yadda ake ware ta ta yi aiki ita kaɗai, wace bireka ake buɗewa, wace waya ake cirewa, wane saiti ake canzawa. A rubuta matakan a takarda tare da duk lambobin saitin da aka sa, a liƙa a bangon kusa da inbatocin, a kuma yi wa birekokin manyan kaya alama domin a san waɗanda za a kashe kafin a ɗora gidan a kan guda ɗaya.